Wadda Ta Amsa Sunan Nana Hauwa

Ranar Talata da la'asar Zayyanu ya tada babur ɗinsa daga Bodinga ya nufi Lambara, zai je ya ga ragon suna. Matarsa Safinatu ta sauka ranar Asabar, an samu 'ya mace. Bazara ce, kwalta na ta tiriri, amma shi ko a jikinsa, sai murmushi yake yi shi kaɗai a kan hanya.

Zayyanu mai rubuta manhaja ne. Ƙungiyar manoman albasa ta Bodinga da Shagari ce ta ba shi aikin gina mata shafin rajista, kuma in kana son ka ga bakinsa ya ƙi rufuwa, to ka tambaye shi yadda shafin ke aiki. Manomi zai cika fom a wayarsa: suna, sunan uba, ranar haihuwa, ƙauye, lambar waya. Bayanan su tafi saba, wato babbar kwamfutar da ke can nesa tana tantancewa. Ita kuma ta aiko da lambobi shida ta saƙon waya. In mutum ya shigar da su cikin minti goma, ya zama ɗan ƙungiya. In ya wuce haka, lambobin sun mutu. Da yake akwai masu wayon yin rajista sau biyu don su karɓi taki sau biyu, sai ya kafa wa sabar doka: in suna da sunan uba da ranar haihuwa suka zo ɗaya da na wani, ta ƙi karɓa. Mutum ɗaya, suna ɗaya. Har bugun ƙirji yake yi da wannan dokar.

Ga inda ya yi wautar. Ranar Litinin da safe ya zauna gwada fom ɗin, kamar yadda masu aikinsu ke yi da sunayen ƙarya. Ya gaji da rubuta "Gwaji Gwaji". Sai yatsunsa suka rubuta abin da ke cike da zuciyarsa: Nana Hauwa Zayyanu, haihuwar ranar Asabar.

Sunan mahaifiyarsa ne, Allah Ya jiƙanta. Tana kwance cikin ciwon ajali ya yi mata alkawarin 'yarsa ta fari za ta ci sunanta. Shi ne sunan da ya raɗa a kunnen jaririyar da ya yi mata huɗuba, kuma duk gidan babu wanda ya ji shi, har Safinatu. Inna, uwar Safinatu da ta zo zaman jego, ta ja masa kunne cewa ba a sakin suna waje kafin kwana bakwai. Shi kuwa ɗan boko ya ga ai bai faɗa ba, rubutawa ya yi.

A wurin ƙauye ya sa "Bakin Fadama". A wurin lambar waya ya danna sifili, ya bi shi da bakwai-bakwai har gurbin ya cika, lambar da babu mai ita a duniya. Saba ta aika da lambobinta shida inda babu kowa. Sunan ya zauna a jerin da jan rubutu: ba a tabbatar ba. Ya yi niyyar gogewa, sai 'yan barka suka yi sallama, ya manta.

A Lambara, Alhaji Haruna shugaban ƙungiyar ya nuna masa ragon, fari tas mai baƙin kunne. Suka taɓa hira har rana ta yi ja.

"Ka tsaya mu yi magariba nan, Malam Zayyanu," in ji Alhaji. "Ba a bin fadamag ga da almuru."

"Ranka shi daɗe, yanzu ni ka isa titi. Mai jego na jira."

Alhaji ya raka shi har wurin babur ɗinsa.

Hanyar da ke fita titi ta ratsa gefen fadama, inda manoma suka jera rudu, rumfunan kara da ake ajiyar albasa a cikinsu. An gama girbi, babu kowa. Warin albasa ya cika wurin. Yana tsakiyar rumfunan wayarsa ta yi ƙara a aljihu, irin ƙarar da ya saita don ta sanar da shi in wani ya kammala rajista. Ya tsaya ya duba.

Sabon ɗan ƙungiya: Nana Hauwa Zayyanu. An tabbatar.

Ya karanta sau uku. Lambobin sun mutu tun jiya da hantsi. Ko da ba su mutu ba, wayar wa suka shiga? Jan rubutun ya koma kore. A gefen sunan ga ɗan ɗigon nan da ke nuna mutum yana cikin shafin yanzu haka.

Babur ɗin ya mutu da kansa.

Kafin ya taka shi, kira ya shigo. Safinatu ce.

"Baban jinjira, kana ina? Yarinyag ga ta ƙi mama tun la'asar. Ba ta kuka. Idonta buɗe, ƙohwa kawai taka kallo."

"Jikinta da zahi?"

"Sanyi ƙalau. Inna ta ce numhwashinta na yin ƙasa."

Ya ce ga shi nan tafe. Ya taka babur. Shiru. Ya sake takawa har ƙafarsa ta zame.

Tsoro ya kama shi, tsoron gaske, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya buɗe shafin mai kula, ya nemo sunan ya danna goge. Saba ta amsa nan take: ba a goge mai rajista yana ciki. Shi da kansa ya rubuta wannan sharaɗin, don kada a katse manomi yana tsakiyar cika bayanai.

Ya koma fom ɗin. Ya sake rubuta sunan da ranar haihuwar, wannan karon da lambar wayarsa, ko zai ƙwato shi.

An riga an yi wa wannan sunan rajista.

A lokacin ne ya lura warin albasa ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa: ganyen dogonyaro da aka tafasa, da hayaƙin itace, da kunun kanwa. Warin gidansa ne na kwanakin nan uku. Warin wankan jego, a fadamar da babu gida ko ɗaya.

Kwaɗi sun yi shiru. Sai ƙarar ruwa, facal, facal, kamar ana tsoma ganye a tukunya ana fyaɗawa a jiki.

A ƙarƙashin rudu na ƙarshe wata mace na zaune, ta ba shi baya. Tururi na tashi daga wata ƙatuwar tukunya a gabanta, babu wuta a ƙarƙashi. Tana da goyo. Kan goyon ya langaɓe gefe guda, hannuwansa na reto.

"Mun gode, Malam."

Raɗa ce, amma a cikin kunnensa ya ji ta.

"Shekara da shekaru ina goye da ita ba suna. Ba wanda yab ba mu. Jiya kai kak kira, ka ce Bakin Hwadama. Mun amsa."

Da ƙyar ya ce, "Gwaji na. Kuskure niy yi. Sunan ɗiyata na."

"Mutum guda, suna guda," in ji matar. "Ba kai kac ce ba?"

Ta tsoma ganyen a tukunya. Facal.

"Kuma suna ba ya zuwa wohi. Da abin da ka cikinai yaka zuwa. Ga shi nan tahe, kaɗan-kaɗan."

Goyon ya motsa. Zayyanu ya ga bayansa ya ɗaga, ya sauka. Ya ja numfashi guda. Can ya sake jan wani. Sai ya yi 'yar ƙara siririya mai shaƙewa a ƙarshe, irin wadda Zayyanu ya kwana uku yana ji ta bayan labule.

Kukan 'yarsa ne.

Ya tuna mahaifiyarsa a kan tabarma, hannunta cikin nasa, tana cewa ka yi mani takwara. Abu ɗaya ke nan da ta taɓa roƙonsa. Ya ji kamar ana tsaga masa ƙirji. Amma ya gane cewa igiyar da ake jan 'yarsa da ita sunan nan ne, kuma ba shi da ikon ƙwato shi.

Ya kira yayansa Ubaidullahi, wanda gidansu ke jikin nasu. Wayar ta yi ta ringin. Daga nesa, can wajen Lambara, an fara kiran salla.

"Zayyanu, masallaci za ni. Mi af faru?"

"Yaya, don girman Allah shiga ɗakin Safinatu. Ka yi ma jinjira huɗuba."

"Ai ka yi mata tun ran Assabar."

"Ka sake. Da wani suna. Yanzu, Yaya, kada ka tambaye ni!"

Ƙarar ruwan ta tsaya.

Matar ta miƙe. Ta ci gaba da miƙewa har kanta ya wuce rufin rudu. Ba ta juyo ba. Da baya take tahowa, goyon na fuskantarsa, kuma ƙafafunta ba sa tada ko tsinke.

A waya ya ji gudu, ya ji an ture ƙofar langa-langa, ya ji Inna na salati.

"Wane suna?" in ji Ubaidullahi yana haki.

"Kowane!"

Muryar Safinatu ta tsinko cikin kuka: "Kausar. A sa mata Kausar."

Taku goma tsakanin Zayyanu da matar. Goyon ya ɗaga kai.

Ubaidullahi ya fara kiran salla ƙasa-ƙasa a kunnen jaririyar.

Taku biyar. Zafin tururi ya bugi fuskar Zayyanu. Goyon ya buɗe ido, kuma idon Safinatu ne sak.

Ya runtse nasa. Ya buɗe baki ya ambaci sunan da kunya ba ta taɓa barinsa ya faɗa da ƙarfi ba tun yana yaro.

"Nana Hauwa ba ɗiyata ba ta. Na bar maku. Na bar maku shi!"

A waya: "Sunanki Kausar."

Shiru.

Sai kuka ya fashe a cikin wayar, mai ƙarfi, mai fushi, kukan jaririya mai jin yunwa.

Bai buɗe ido ba. Numfashi mai sanyi ya sauka a wuyansa.

"Hwanko kab ba mu," aka raɗa. "To, mun riƙe. Amma kada ka goge shi. Ran da kag goge, ba ta da wurin zama sai gidanku."

Warin albasa ya dawo. Kwaɗi suka ɗauka gaba ɗaya. Taku ɗaya ya yi wa babur ya tashi, kuma har ya shiga Bodinga bai dubi madubi ba.

Ranar Asabar liman ya sanar da Kausar. Gwaggwanninsa suka yi ta tsegumi, wai Zayyanu ya karya alkawarin uwarsa tun ƙasa ba ta gama cin ta ba. Ya haɗiye, bai kare kansa ba. Da aka watse ya tafi maƙabarta shi kaɗai, ya daɗe a tsugune yana kuka.

Tun daga nan bai ƙara gwada fom da sunan mutum ba. Bayan shekara biyu ƙungiyar ta koma wani sabon shafi, aka kwashe sunayen manoma duka. Shi dai bai kashe tsohuwar sabar ba. Suna ɗaya ya rage a cikinta, kuma kullum da magariba ɗigon nan na gefensa yana kunnuwa.

Bana Kausar ta cika shekara uku, lafiyayya, ga surutu. Ran nan da almuru Zayyanu na alwala a tsakar gida, ya ga ta raba ƙosanta biyu, ta kai rabi gindin katanga ta ajiye a hankali.

"Na wa na wannan, Kausar?"

"Na Nana Hauwa."

Butar ta kuɓuce daga hannunsa. Babu wanda ya taɓa ambaton sunan nan a gabanta.

Yarinyar ta karkata kai wajen katangar kamar mai sauraro, sannan ta juyo tana murmushi.

"Baba, ta ce in tambaye ka, yaushe za ka ba ta sauran? Wai fanko ka ba ta."