Mai Magana Na Biyu

Da magariba Walida ta dawo gidanta a Tamanrasset daga Abalessa, inda ta wuni tana gwada manhajar salula mai rubuta maganar mutane, tana ware muryar kowa daban. Ta kasa zama wuri ɗaya. Ta watsar da tafasasshen ruwan shayi a bayan ƙofa, ko bisimilla ba ta yi ba.

Salular ta yi haske, ashe manhajar na kunne: "Mai magana na biyu: Kin ƙona mini ɗa."

"Kai, wannan abu da shirme yake!" in ji Walida. Ita kaɗai ce a gidan.

Sai ta ji ɗumin numfashi a ƙeyarta. Manhajar ta sanar da ita cikin ladabi: "Madalla, sauti ya gyaru. Mai magana na biyu ya matso kusa."