Tuffa Uku Duk Alhamis

"Tuffa? A cikin kaza?"

Auta ta tsaya a ƙofar kicin, ta kasa shiga, ta kasa komawa. Malamin lissafin da ke neman aurenta ya naɗe hannun riga, yana jera cinyoyin kaza a kasko kamar a gidansu.

Wata shida ke nan duk Alhamis sai ya sayi tuffa uku masu tsami a shagonta. Tun tana mamaki har ta koma jiran Alhamis. Sai 'yar kawunta, wadda ita ma ta ƙyalla ido a kansa, ta kai wa Umma gulma: wai wata mace ya ɓoye yake saya wa. Umma ta ce kada ya ƙara tako mata gida.

Alfarma ɗaya ya roƙa, a bar shi ya yi girki sau ɗaya.

Naman ya yi ja, ya kwashe. Ya zuba albasa a man, ya bi ta da yankakkiyar tuffa.

"Ba za ta narke ba?" Auta ta matso.

"Shi ya sa nake zaɓen mai tsami, sanyin idona. Miƙo min kirim ɗin madarar nan."

Ya tsiyaya, ya rage wuta, ya mayar da naman. Romon ya yi kauri, ƙamshi ya kai falo. Sai ga Umma, fuska a ɗaure.

"Wace ce matar?"

Ya durƙusa.

"Mahaifiyata ce, Umma. Tun da ta tashi daga jinya komai ba ya shiga, sai wannan. Wata nas ce ta koya min. Sau bakwai ina ƙona shi kafin na iya."

"Me ya hana ka faɗa?" Auta ta tambaya.

"Ba ta son a san sai a baki ake ba ta abinci..."

Umma ta ɗauki cokali ta ɗanɗana.

"Gishiri bai ji ba," ta ce.

Ta barbaɗa da hannunta, ta juya.

"Juye a kula. Ke kuma ɗauko min mayafina, mu je mu gaida uwar mijinki tun bai huce ba."

Auta ta rufe fuska da tafin hannu, ta ruga ɗaki.