Zamzam a Kwalbar Magani

Ranar Talata da hantsi, Ladi, nas ɗin da ke zuwa duba Malam Jamaluddeen a gida, ta ɗiga maganinsa a harshe ta ji ruwa zalla. Maganin kashe zafi ne mai ƙarfi, don ciwon daji ya riga ya ci ƙashin tsohon. Wani ya kwashe shi, ya cika kwalbar da ruwa.

Sufeto Labaran ya iso gidan, bayan tashar Kawo, ransa a jagule. Irin wannan aikin ya ishe shi, kullum ɓarawon ɗan gida ne.

Bai ɓata lokaci kan Ladi ba, ita ta kai ƙara. Ya sa aka kira Sharhabil, ɗan Malam, wanda duk unguwa ta san halinsa.

"Yallaɓai, ina shaye-shaye, ban musa ba," in ji Sharhabil. "Amma Hajiya ta daɗe da hana ni shiga ɗakin Baba. Kuma da ni ne, kwalbar zan ɗauke gaba ɗaya. Ina ruwana da cikawa?"

Labaran ya gamsu. Ya ce a buɗe kabad ɗin da ake ajiye maganin. A ciki ya ga jarkar Zamzam.

"Don yayyafa wa likkafaninsa aka ajiye ta," in ji Hajiya Na'ima, matar Malam. "Tun hajjina ba a buɗe ta ba."

Ya ɗaga ta. Saura rabi.

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Nafisat," in ji Hajiya. "Ita ke ba shi magani kafin ta tafi ofis."

Nafisat, 'yarsu abar alfaharinsu, tana tsaye bakin ƙofa.

"Ga famfo a tsakar gida," Labaran ya ce mata. "Baƙo da shi zai cika kwalbar. Ba mai zuba Zamzam sai wadda ta kasa daina sha, kuma ta kasa ba mahaifinta ruwan banza. Kin zuba Zamzam ne ko Allah zai sa ya ji sauƙi."

Ta durƙushe. "Da maganin tari na fara, Yallaɓai. Yanzu ba ya yi mini komai."

Daga kan gado Malam ya yi magana da ƙyar. "Ku ƙyale ta. Ni ban san ɗanɗanon Zamzam ba ne? Tun ranar farko na gane."

Tausayi ya kama Labaran, amma ya san ba abin da zai gyaru. Ladi ta fito da sabuwar kwalba daga jakarta. Nafisat tana kuka, idonta yana kan kwalbar.