Gashin da Alhaji Sabitu Ya Aske

Duk wanda ya taɓa shan shayin la'asar a gidan Alhaji Sabitu da ke unguwar Kudai a Makka ya san labarin gashinsa. Yau sanƙo ne fal a kan, amma da an zuba shayi sai ya shafa shi ya fara:

"Mu a Zariya, muna jami'a, gashi muka tara har hula ba ta zama! Wando mai faɗin ƙafa, kiɗan garmaho a ɗaki, littafin 'yancin talaka a hammata. Hakimi ya zo wucewa, ni kaɗai na ƙi cire takalmi!"

Matarsa Hajiya Ɗaso takan taɓe baki ta ci gaba da tsince shinkafarta. Autarsu Nuha kuwa, haifaffiyar Makka, da wannan labari ta girma, kuma da shi take auna maza.

Shi ya sa da Sufyan ya aiko neman aurenta hankalinta kwance yake. Ɗan Kano ne, direban bas ɗin alhazai a tashar Kudai, ga kunya ga riƙon salla. Kamar yadda aka saba, Alhaji ya sa ƙaninsa na Kano ya binciko asalin yaron. Bincike ya dawo da yabo, sai dai ya haɗo da wani bidiyo: ga Sufyan a tsakiyar titi a Kano riƙe da kwali, shi ne kan gaba a zanga-zangar tsadar rayuwa.

Aka kira shi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, Alhaji ya nuna masa bidiyon.

"Kai ne wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To saurara. Na tsufa a ƙasar nan ba a taɓa kirana ofis ba, ba zan bari iƙamar gidana, takardar izinin zamanmu, ta shiga matsala saboda suruki ba. In kana son Nuha, ka tsaya gaban dattawan unguwa ka ce ka yi nadama."

Sufyan ya sunkuyar da kai. "Baba, fostin ɗin da na yi a intanet kan zanga-zangar duk na goge su tun kafin in zo nan. Ƙasar mutane ce, dokarsu nake bi, kuma ba zan taɓa karya ta ba. Amma nadama? Ranar da na fita, mahaifiyata ruwa zalla ta ɗora a murhu don ƙannena su zaci girki ake yi."

"Kai, rufe min baki! Mu da muka yi namu, karatu muka yi, muka san abin da muke so. Ku fa? Waya! Ku taru yau, jibi ku watse, ba shugaba ba alƙibla."

"Gaskiya ne mun watse, Baba. Amma ku gafarce ni — ku kun tara gashi don a bar ku ku yi rayuwar da kuke so. Mu mun fito ne don a bar mu mu ci abinci."

Maganar ta soki Alhaji inda bai zata ba. "Halas, magana ta ƙare! Tashi ka ba ni wuri!"

Nuha ta fito daga bayan labule tana kuka. "Ya Baba, haram alaik, wannan ba adalci ba ne! Ba kai ka koya min son mutumin da ba ya lanƙwasa ba?"

"Na gama magana."

Aikin hajji ya wuce, kwantiragin Sufyan ya ƙare. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya so ya sabunta masa, ya ce a'a, zuciyarsa ba za ta iya bin titin gidan su Nuha kullum ba. Kafin ya hau jirgin komawa Kano ya kira ta. "Ba zan aure ki ba da yardar Baba ba, kuma ba zan yi masa ƙarya don in same ki ba. Ki yi haƙuri, mu bar wa Allah."

Ta yi haƙurin kuwa. Ba ta daina gaida mahaifinta ba, ba ta daina dafa masa shayi ba. Manema suka zo, ta sallame su cikin ladabi. Ramewa kawai take yi, abin tausayi, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Wata la'asar Alhaji ya shafa kai zai fara, sai Hajiya Ɗaso ta ajiye tire.

"Yau dai ka ƙarasa labarin, Alhaji. Kullum a takalmin hakimi kake tsayawa."

"Wane ƙarashe kuma?"

"Ranar da babana ya ce ba zai ba mai gashin mahaukata 'yarsa ba. Kafin magariba ka dawo kai ƙwal, takalmi a hannu, ka ce ka tuba da siyasar talakawa. Ban ga laifinka ba, don ni ka yi, kuma na gode. Amma yaron nan askar da aka miƙa maka ka miƙa masa, shi ya ƙi karɓa. Abin da ya ƙona maka rai ke nan, ba iƙama ba."

Alhaji ya sauke hannunsa daga kai. Ya dubi Nuha, ya ga yadda wuyanta ya zama, sai idonsa ya kawo ruwa. Shayin ya huce a hannunsa.

"Ba ni lambar yaron," ya ce a hankali.

An ɗaura aure a Kano, ƙanin Alhaji ne waliyyi. Sai dai gurbin Sufyan a tasha an ba wani, biza ta ƙi samuwa, ga mahaifiyarsa ba lafiya. Dole amarya ce ta bi miji. A filin jirgin Jidda Nuha ta sumbaci goshin mahaifinta, shi kuwa ya riƙe hannunta ya kasa saki. Da ya amince tun farko, da gidanta yana bayan nasa, da ƙafa zai riƙa zuwa ganin jikoki.

Haƙurin Nuha ya kai ta ga wanda take so, kuma da albarkar iyaye ta tafi. Amma ya kamata babba ya tuna shi ma ya yi ƙuruciya, kada ya hukunta yaro saboda ya tsaya a inda shi ya durƙusa.

Har yau ana shan shayi a gidan Alhaji Sabitu. In wani baƙo ya ce, "Alhaji, a ba mu labarin gashin nan mana," sai ya dubi kujerar da Nuha take zama, ya ce, "A sha shayi kawai, kada ya huce."