Igiyar da Ke Aljihun Kwat

Ku matso. Zulai, ja labulen nan. Hansai, in kin san bakinki ba ya riƙe magana, tashi tun yanzu. Wannan ba tatsuniya ba ce. A kaina ya faru.

Kun sha tambayata me ya sa rabin fuskar Innata ya fi ɗaya rabin haske. Tana ce muku ruwan zafi ne ya taɓa ƙona ta. Ba shi ba ne.

Kun san gwanjo muke sayarwa. In an kwance dila, ba a ninke kaya sai an lalube aljihu. Haka ake yi. Ran nan Baba ya tafi sarin kaya, mu uku ne a gida, ni da Inna da Yaya Tasalla. Da hantsi ne. Na jawo wani baƙin kwat mai nauyi, maɓallinsa ɗaya ja, sauran baƙaƙe. Na sa hannu a aljihu. Na ji abu mai sanyi, a nannaɗe. Na yi ƙara, na zaci maciji ne.

Igiya ce. Tsawonta kamar kamu biyu, an lulluɓe ta da baƙin zare. Kai ɗaya da abin dannawa irin na sirinji, da wani ɗan zobe a wuyansa. Ɗaya kan siriri, mai murɗi kamar noti.

Yaya Tasalla ta fizge. Kun san ta da wasa.

Ta ce, "Inna, juyo in miki allura."

Inna na zaune a tabarma tana ware riguna. Ta ɗago tana dariya, ta ce, "Ke dai Tasalla ba za ki taɓa..."

Yaya ta nuna ta da siririn bakin, ta danna. Abin ya ce ƙas. Ya shige, bai dawo ba.

Inna ba ta ƙarasa maganar ba. Bakinta a buɗe. Hannunta a sama da rigar yaro. Ido ba ƙiftawa.

Muka yi dariya tukuna. Sai ƙuda ya sauka a kan idonta. Ba ta kore shi ba.

Na girgiza ta, kamar na girgiza turmi. Tana numfashi, jikinta da ɗumi. Muka yayyafa mata ruwa, muka tofa mata duk addu'ar da muka iya. Yaya ta sa haƙori za ta jawo maɗannin, sai hawaye ya gangaro daga idon Inna. Ta saki.

Sai na lura da zanenta. Shuɗi ne da safe. Yanzu gefen da ke wajen ƙofa ya fara koɗewa, kamar kayan da suka shekara a rana. Kuncinta ma haka.

Na ce, "Yaya, a kira maƙwabta."

Ta ce, "Su ce mun yi wa uwarmu asiri? Barira, rufe ƙofa. Ni zan zauna da ita. Ke je ki nemo wanda ya san mene ne wannan. Kada ki faɗi dalili."

Na cusa abin cikin hijabi na fita.

Mai kemis ya juya shi ya ce ba kayan asibiti ba ne. Mai gyaran keke ya ce wayar birki ce, ya gwada, ya ce a'a, ta yi laushi. Mai gyaran rediyo ko karɓa bai yi ba. Ina tafiya ina kuka, ina goge fuska kafin in isa kowane shago. A raina ina ta auna inda farin nan ya kai. Ya kai hanci? Ya kai ido?

Wani tsoho mai gyaran agogo ne ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "'Yata, na taɓa ganin irinsa hannun masu hoton da. Masu sa kai a baƙin ƙyalle."

"Baba, ina zan same su?"

"Sun ƙare. Da can akwai ɗaya a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Amma ki bari rana ta karya. Ba a bin layin dogon nan da tsakar rana."

Na ce to. Ina fita na miƙe can. In jira rana ta karya, Innata ta ƙare?

Kun san hanyar. Ba gida, ba rumfa. Ranar ko kukan tsuntsu babu. Ƙarar takalmina kawai nake ji a kan tsakuwa.

Sai na hango shi a gindin bangon tasha. Akwatin hoto a kan ƙafafun katako uku. Mutum ya sunkuya, kansa cikin baƙin ƙyalle.

Na yi sallama. Bai amsa ba.

Ya ce, "Kin daɗe."

Muryar ba daga ƙyallen ta fito ba. Daga cikin akwatin ta fito, kamar mai magana a cikin tulu.

Na fito da igiyar. "Malam, don Allah mene ne wannan?"

"Igiyar idon kyamara. Ana ɗaura ta a nan, kusa da gilashi. Mai hoto ya tsaya gefe ya danna, don kada hannunsa ya girgiza akwati. In ya danna, ido ya buɗe. Zoben nan shi ke riƙe shi a buɗe. Wanda ake ɗauka kuwa ba ya motsi sai an rufe."

"In ba a rufe ba fa?"

"Haske ya cinye hoton. Ya zama farar takarda." Ya ƙara da cewa, "Ya kusa kaiwa bakinta."

Ban gaya masa komai a kan Inna ba. Wallahi ban gaya masa ba.

Sai na kalli kwat ɗin jikinsa. Baƙi, mai nauyi, cikin wannan zafin. Maɓalli ɗaya ja.

Na sunkuyar da kai don kada in yi ihu. Nan na ga ƙasa. Ƙafafun katako uku. Na nemi nasa. Babu. Kwat ɗin a iska ya ƙare.

Ya matso. Ƙafafun katakon ne suka taka. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ya ce, "Zo ki ɗaura min. Murɗa bakin a ramin nan. Sannan ki danna zoben ƙasa, ido ya rufe."

"Innata za ta tashi?"

"Za ta fito da kyau. Tana dariya. Ba tsufa, ba ciwo."

"Za ta tashi?"

"Ɗaura."

Na leƙa gilashin. Can ciki na ga fuskoki, ƙanana, a kife, kai a ƙasa. Duk suna murmushi. Ba mai ƙiftawa.

Ya ce, "Kada ki taɓa zoben sai kin ɗaura. Hoton zai lalace."

Ni ban yi karatu mai nisa ba, kun sani. Amma na gane wannan. Hotonsa ne zai lalace. Ni ba hoto na zo nema ba.

Na yi bismillah, na danna zoben.

Maɗannin ya yi tsalle ya dawo. Akwatin ya yi wata irin ƙara, kamar an yaga sabon yadi. Ƙyallen ya fara ɗagawa. Ƙafafun katakon suka taho da gudu.

Ban san lokacin da na nuna shi da siririn bakin ba. Na danna. Ƙas.

Ya tsaya. Ƙafa ɗaya a sama. Gefen ƙyallen a ɗage, iska ba ta kaɗa shi.

Ban tsaya ganin abin da ke ƙasan ƙyallen ba. A can na bar takalmina.

Da na faɗo gida, Yaya Tasalla na ƙasa tana kuka. Ta ce Inna ta sauke hannu kawai ta ce, "...girma ba," ta ci gaba da ninke rigar. Har yau ba ta san ta tsaya ba. Zanen mun ƙona. Kwat ɗin mun neme shi a cikin kaya, babu. Fuskarta kuwa kun gani.

Hansai, kina tambaya ko yana can? Ban koma ba. Shi ya ce haske na cinye wanda aka bari a buɗe, amma ban sani ba ko yana cin irinsu. Ku dai kada wadda ta bi layin dogon nan ita kaɗai, ko da safe, ko an aike ta. In kun hango abu mai ƙafa uku a gindin bango, ku juya.

Igiyar? Ina zan yar da ita, masu bola-jari su tsinta, wani ya taɓa zoben? Tana nan a danne. Kullum sai na duba kafin in kwanta.

Zulai. Ɗauke gwiwar hannunki daga matashin nan. A hankali.