Kalmar da Ta Kusa Cinye Gona

A wani ƙauye kusa da Dutse akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Marainiya ce, tana zaune da kakarta, Inna Iyatu. Ba su da komai sai gona ɗaya. Ita ce cinsu, ita ce suturarsu.

Yarinyar tana da kyan rubutu, kuma ta san tana da shi. Idan aka yabe ta, sai kanta ya fi ƙarfin ɗankwalinta. Ga ta da son manyan kalmomi. Wata rana ta sayi ƙosai, aka ƙunsa mata a wata tsohuwar takarda mai hatimi. Ta karanta, ba ta gane ko rabinta ba, amma ta burge ta. Ta goge man, ta adana ta cikin littafinta.

A shekarar 1998 kurkunu ya kama ƙafar Inna, ta kasa noma. Ta kira maƙwabcinsu Malam Nata'ala, ta kira Liman ya zama shaida.

"Na ara maka gonata damina biyu," in ji Inna. "In na warke ka maido mini."

"Na yarda, zan kuma riƙa kawo muku gero," in ji Malam Nata'ala. "Amma a rubuta, Inna. Rai ba a hannunmu yake ba."

Duk cikinsu babu mai karatun boko. Aka ce yarinyar ta rubuta.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko takardar ƙosai. Maganar Inna ta yi mata ƙanƙanta. Wane ne zai yaba "na ara maka"? Sai ta kwafe tsohuwar takardar kaf, ta canza sunaye kawai. A layin farko ta rubuta: "Ni Iyatu na yi hibar gonata ga Nata'ala." A zatonta hiba sunan aro ne a bakin manya.

"Karanta mu ji," in ji Liman.

Ta ji tsoron kada harshenta ya harɗe a gaban mutane. Sai ta kafa ido a takardar, ta maimaita maganar Inna da ka. Kowa ya ce madalla. Inna ta dangwala yatsa, Malam Nata'ala ya tafi da takardar.

Damina biyu suka wuce, ƙafar Inna ta warke. Amma kafin a maido gonar, Allah ya yi wa Malam Nata'ala rasuwa. Ɗansa Ɗanmusa ya dawo daga Kano, ya sami takardar a akwatin mahaifinsa.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Gonar nan kyauta kika ba Baba. Ga yatsanki."

"Kyauta? Ni? In ba da gona in ci me?"

Magana ta kai kotun shari'ar Musulunci a Dutse. Alƙali ya ce kada kowa ya taɓa gonar sai an gama bincike.

Ruwa ya sauka. Kowa ya yi shuka, gonar Inna tana kwance, ciyawa tana cinye ta. Rumbu ya ƙare. Suka koma cin abinci sau ɗaya a rana, wani lokacin tafasa ce kawai da gishiri. Inna ta rame, ta daina hira. Kullum sai ta dubi babban yatsanta, ta ce, "Ni ban san me na yi ba."

Yarinyar ba ta gaya wa kowa abin da ta yi ba. Tsoro ya hana ta magana, kunya ta hana ta kallon kakarta. Ta daina ɗaga hannu a aji.

Wata rana bayan an tashi, ta tsaya gaban malamarsu, Malama Hindatu.

"Malama, mene ne hiba?"

"Kyauta ce. Mutum ya ba wani abinsa, ya zama nasa har abada. Me ya sa kike tambaya?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗa mata komai.

Malama ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta ce, "Tambayar nan da kika yi yau, da ita ya kamata ki fara shekara biyu da suka wuce. Kin yi laifi biyu. Kin rubuta abin da ba ki sani ba, kin kuma karanta abin da ba ki rubuta ba. Tsohuwar takardar tana nan?"

"Tana nan, Malama."

"To ki fara gaya wa Inna. Ranar zaman kotu ni zan raka ki."

Da Inna ta ji, ba ta doke ta ba, ba ta zage ta ba. Cewa kawai ta yi, "Ke ce idona, 'yar nan. Da idonki na dangwala." Wannan magana ta fi bulala zafi.

Ranar zama suka hau motar Dutse. Alƙali ya dube ta ya ce, "Ke yarinya ce, ba shaida zan karɓa daga gare ki ba. Amma ki yi mini bayani."

Ta yi bayani. Ta miƙa takardar ƙosai. Magatakarda ya ajiye ta kusa da ta Ɗanmusa, ya karanta su layi-layi. Iri ɗaya ne, har iyakokin gona.

"An ce daga gabas ta yi iyaka da kogi," in ji alƙali. "Ɗanmusa, akwai kogi a garinku?"

"Allah ya gafarta malam, ko rafi babu."

Aka kira Liman. Ya ce da kunnensa ya ji aro, damina biyu, kuma da an furta hiba a gabansa da ya tsayar da maganar.

Ɗanmusa ya sunkuyar da kai. "Na janye," in ji shi. "Ba zan ɗora wa mahaifina hakkin tsohuwa a kabarinsa ba. Inna, ki yafe mini."

Alƙali ya maida wa Inna gonarta. Sannan ya ce wa yarinyar, "Takarda ba ta san abin da ke zuciyar mutum ba, abin da aka rubuta kawai take faɗa. Kada ki sake rubuta kalmar da ba ki san ma'anarta ba. In za ki karanta wa wani takarda, ki karanta masa abin da ke ciki. In ba ki gane ba, ki tambaya. Matambayi ba ya ɓata."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Lokacin shukar gero ya riga ya wuce, amma na wake bai wuce ba. Washegari Ɗanmusa ya zo da shanun huɗa, bai nemi komai ba. Inna tana gaba tana saran rami, jikarta tana biye tana zuba iri. Can tsakiyar gona yarinyar ta ji wani abin da ta yi wata uku ba ta ji ba. Inna ce take waƙa.