Gwajin Mota a Hanyar Kolokondé

Na gaji da kabu-kabun babur, na je Djougou duba wata ƙaramar mota da zan saya in yi taksi da ita. Da magariba mai motar ya iso, ƙaton mutum.

Na taɓe baki. "Alhaji, wannan gwangwanin kifin? Ko akuya ta hau, sai motar ta durƙusa."

Ya shige kujerar baya. "Ja mu je, samari."

A dajin Kolokondé na tsaya, na fito in ga yadda nauyinsa ya danne motar. Ko kaɗan ba ta lotsa ba. Na dafa ta da hannu ɗaya, sai ta yi ƙasa.

Gilasai a rufe suke, amma a kunnena ya yi magana: "Shigo. Da sauran tafiya."